Ranar da Na Kai Uwarku Teku

Rahila da Iliya, wannan babin naku ne, amma ke Rahila ya fi shafa. Shekara bakwai ke nan kina gaishe ni gaisuwar maƙwabci, ina amsawa. Kin riƙe cewa ni na gajarta wa uwarki kwana. Ban taɓa kare kaina ba, kuma akwai dalili. Kun san ban yi boko ba. Ɗan karatun Hausar da na koya a ajin manya na coci, da shi nake wannan rubutu. In kun ga kuskure ku tsallake, ku ɗauki maganar.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina jan gingimari. Citta nake ɗauka daga Kachia da Kwoi in kai tashar jiragen ruwa a Ikko. Rikicin da ya ci gidanmu ya haɗa da motar, kun san wannan, ba zan maimaita ba. Rahila tana aikin nas a nan ƙasar Turawa, ita ta yi mana takardu, muka sauka gidanta a Wheaton ni da uwarku Asabe, na haura sittin. Zama bai karɓe ni ba. Na samu lasisi, na kama aiki a wani shagon kayan abincin gida, na wani mutumin zangon Kumasi. Duk Alhamis nakan tsallaka babbar gada in je gonakin ƙetare in ɗauko naman akuya. Allon Turanci ba na karanta shi. Lamba nake karantawa, kuma hanyar da na bi sau ɗaya ba ta ɓace mini.

A shekara ta biyar da zuwanmu uwarku ta fara rama. Tuwo loma uku ta ture kwano. Rahila ta kai ta asibiti, aka yi hotuna, ranar Lahadi bayan sujada ta kira ni da Iliya cikin gareji ta rufe ƙofa. Ta ce ciwon daji ne a ciki, kuma ya taɓa hanta.

"Baba, ba za a gaya mata ba," in ji Rahila. "Za mu ce gyambon ciki ne."

Iliya ya ce, "Ai haka ake yi a gida."

Na ce to. Haka muka yi wa ubana, haka aka yi wa uwar Asabe. A wurinmu ba a gaya wa mara lafiya ranarsa. Ana cewa da sauƙi, da sauƙi, har a rufe masa ido. Ban ga laifi a ciki ba a lokacin, yau ma ban gani ba.

Rahila ce ke fassara a asibiti. Likita za ta yi magana doguwa, Rahila ta juyo ta faɗi kalma huɗu. Wata rana a mota uwarku ta ce,

"Turancin nan akwai ɓarnar baki. Mace ta yi magana har ta gaji, wai duk in riƙa shan ruwa ne."

Ana yi mata ƙarin ruwan magani duk sati uku. Gashi ya zube, amai ba ya tsayawa. Ta taɓa tambayar Rahila wane irin gyambo ne mai cin gashin kai, Rahila ta ce maganin ne da ƙarfi. Uwarku ta ce to, Allah ya sa a dace.

Ranar da ba ku sani ba ita ce wannan. Wata Laraba a watan tara an hana Rahila tashi daga aiki, Iliya kuma ya maƙale a cunkoson titi mai lamba casa'in da biyar tun daga gidansa a Woodbridge. Ni kaɗai na kai ta. Likita ta ga babu mai fassara, sai ta jawo wata waya a kan tayoyi ta danna. Muka ji muryar namiji da Hausa, irin ta mutanen Nijar.

"Uwa, ina wuni. Lokotoro na tambaya, kina so a hwaɗa miki komi da komi, ko a bar ma yara?"

Uwarku ta dube ni. Na dubi takalmina.

"Faɗa mini, ɗana," ta ce. "Jikina ne."

Ya faɗa mata, bai rage ba bai ƙara ba. Ya kira sunan ciwon. Ya ce maganin farko bai tare shi ba. Akwai wani mafi zafi, mai yiwuwa ya ƙara mata watanni, amma warkewa babu. Uwarku ta saurara har ƙarshe. Ta sa ya roƙi likita kada a gaya wa yara cewa ta ji. Sannan ta tambaye shi garinsu, ta ce ya gaishe da iyayensa. Sai da muka shiga mota na sa makulli ta yi mini magana.

"Baban Rahila, tun yaushe ka sani?"

"Tun watan huɗu."

"Ashe ka iya ƙarya. Shekara arba'in da biyu muna tare ban sani ba."

Na ɗauke hannu daga makulli.

"Kada ka gaya musu na sani. Ka yi mini alkawari yanzu, kafin ka tayar da motar nan."

Na yi mata.

An sa ranar fara sabon maganin wata Talata a watan goma, lokacin da ganye ke komawa ja. Ranar Litinin da rana, ba kowa a gida, uwarku tana zaune bakin taga da bargo. Ta ce mini tun tana budurwa take tsaga citta. Wuƙa ta ci mata yatsu, ta shanya a kan dutse, ta kwashe in hadari ya taso, ta ɗura a buhu, ni kuma in loda in tafi. Duk dawowa sai ta tambaye ni ina cittar ta je, in ce teku. Ta ce sau nawa na yi mata alkawarin zan ɗauke ta a gaban mota ta gani, sai in ce mace ba ta hawa gingimari. Gaskiya ta faɗa. Na faɗi haka ya fi sau goma.

"Gobe ba asibiti za ka kai ni ba," ta ce.

Da safe Rahila ta fito da kayan aiki, jaka a kafaɗa.

"Baba, ƙarfe goma ne fa. Kada ku makara. Da na tashi zan same ku can."

Na dubi idonki na ce to. Wannan laifina ne, kuma na amsa shi.

Uwarku ta ɗaura zanenta na zumuntar matan coci. Na ɗauki bargo da butar kunu. Na miƙa hannu zan ɗauki waya ta ce in bar ta a tebur, za ta yi ta kuka ne kawai. A mahaɗar da ke ƙasan unguwa danja ta tsayar da mu. Hagu asibiti, dama babban titi. Na ce mata har yanzu tana iya canja ra'ayi.

"Direba, an ba ka hannu," ta ce. "Mutane na jira a bayanka."

Na yi dama.

Mai shagonmu ya taɓa gaya mini cewa in mutum ya riƙe hanya mai lamba hamsin bai sake ta ba, sai ta ajiye shi a bakin teku. Rabin hanyar na sani, rabin na dogara da maganarsa. Bayan awa ɗaya muka iso babbar gada. Kun sha hawanta kuna duba waya, ba ku san abin da take yi wa wanda bai taɓa gani ba. Tana fara hawa a hankali, ta lanƙwasa, ta ci gaba da hawa har ƙasa ta ɓace, ba komai hagu da dama sai ruwa yana walƙiya. Ƙananan jirage masu farin ƙyalle sun bazu a ƙasa kamar kaji a tsakar gida. Can nesa wani babban jirgin kaya yana tsaye. Uwarku ta riƙe marfin ƙofa da hannu ɗaya, ɗayan ta damƙe mini gwiwa.

"Yesu! Wannan ne tekun?"

"A'a. Hannunsa ne kawai ya miƙo cikin ƙasa."

"To gadar Jebba da kake cika mana baki da ita fa?"

"Ki bar maganar Jebba."

Ta yi dariya har da tari. Rabona da jin dariyarta tun kafin gashinta ya zube.

Ƙetaren gada wata ƙasa ce daban. Ba tudu ko ɗaya, shimfiɗe take kamar tabarma. Fadama ce mai doguwar ciyawa ruwan zuma, ruwa yana bi ta cikinta yana karkacewa, iska na kawo warin laka da gishiri. Zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya a bakin ruwa bai kula da kowa ba. Dinya suna wucewa sama jere-jere suna kuka. Na sauke mata gilashi kaɗan. Masara ta bushe a gonaki, inji yana bi yana haɗiyewa. A bakin titi an tara kabewa ja, tari-tari. Muka wuce dogayen ɗakunan kaji waɗanda warinsu ke riga su isowa, muka wuce wani gari mai doguwar gada a kan faffaɗan kogi, inda masu kama ƙaguwa ke ɗaure jiragensu. Duk abin da ta gani sai ta nemo masa ɗan'uwa a gida. Wannan fadamar kamar ta bayan gidan kakarta, wancan cocin katako kamar na mishan da aka ɗaura mana aure. Ni dai ina tuƙi. Na sha bin hanyar nan da naman akuya a bayana, ban taɓa sanin tana da kyau ba.

Bayan garin mai gada ta buga mini hannu.

"Tsaya! Tsaya! Dawa ce!"

Dawa ce kuwa, amma gajera, ba ta wuce ƙugu ba, kawunanta ja jawur har iyakar gani. Kafin in kashe mota ta buɗe ƙofa. Ta tsallaka kwata da ƙafarta, ta karya kai ɗaya, ta murje a tafin hannu, ta hure, ta watsa a baki. A gida mai wucewa ya karya ɗaya ya ɗanɗana ba sata ba ce. A nan na san gonar mutum ba a taka ta, kuma na san suna ajiye bindiga. Ina cikin cewa ta dawo sai ga wata a-kori-kura ta taho ta cikin gona ta tsaya. Wani tsohon Bature ya sauko, hula a kai, fuska ba fara'a. Na sha gabanta. Ta ture ni.

"Sannu da aiki, Baba," ta ce masa da Hausa. "Yaya gona? Bana ta yi kyau."

Ya dube ta, ya dubi ɗankwalin da ba gashi a ƙarƙashinsa, ya dubi dawar a hannunta. Ya yi magana, abin da na kama a ciki shi ne abincin kaji ne. Na gaya mata.

"Kaji? Dawa irin wannan? Gaya masa ya nemo mini turmi in nuna masa abin da ake yi da ita."

Ban iya gaya masa ba, Turancina bai kai can ba. Amma ya ga tana taunawa tana gyaɗa kai. Ya zaro wuƙa daga aljihu ya yanko kawuna biyar masu kyau ya miƙa mata da hannu biyu. Ta sa masa albarka shi da 'ya'yansa da kajinsa. Ya cire hula.

Daga nan itatuwa suka canja, dogaye miƙaƙƙu masu ganye kamar allura, ƙasa ta koma rairayi. Mai shagonmu ya ce ƙarshen lamba hamsin gari ne na benaye da hayaniya, amma kusa da shi akwai tsibiri mai dawaki inda ba gini. Na tsaya gidan mai na yi tambaya kamar yadda muke yi a tasha. Na ce wa yarinyar da ke kanti doki, ruwa. Ta gane. Ta rubuta mini lamba uku a takarda ta nuna dama.

Wata ƙaramar gada mai doro ta sauke mu a tsibirin. Ga su nan kuwa a kan kwalta, dawaki gajeru masu tumbi, wasu ja, wasu roɗi-roɗi, gezarsu a cukurkuɗe. Ba linzami, ba igiya. Motoci na tsayawa su ba su hanya.

"Ina mai su?" in ji uwarku.

"Ba su da shi."

"A garinmu da tuni wani ya fito ya ce na kakansa ne."

Tsakanin inda ake ajiye mota da ruwa akwai tudun rairayi. Ta yi taku goma ƙafa ta ƙi. Na durƙusa na ce ta hau. Ta ce mutane na kallo, na ce ba su san mu ba. Na goya ta. Ba ta kai rabin buhun citta ba. Muna kaiwa saman tudun iska ta buge mu, sai ga shi.

Na ga teku a Ikko, amma ta bayan katanga da ƙarafa da jirage. Ban taɓa ganinsa tsirara haka ba. Ruwan toka ne, ba shi da ƙarshe, yana ruri kamar manyan motoci ɗari suna hawan tudu a giya ɗaya. Igiyar ruwa ta taso ta faɗi ta bar kumfa, wasu ƙananan tsuntsaye su bi ta da gudu, in ta dawo su ruga. Mutane ba su fi biyar ba a duk bakin gaɓar. Na shimfiɗa bargo na zaunar da ita.  Sannan ta tambaye ni ta ina gida yake. Na dubi rana na nuna mata. Ta kalli wajen kamar za ta hango wani.

Ta ce in kai ta bakin ruwa. Na ce da sanyi. Ta ce ba ta zo daga Kwoi don ta tsaya daga nesa ba. Na cire mata takalmi na riƙe ta. Ruwa ya zo ya rufe mata ƙafa, ta ja numfashi. Na biyu ya fi ƙarfi, ya jiƙa zanen har gwiwa. Ta tsoma yatsa ta lasa.

"Gishiri ya yi yawa. Wanda ya dafa wannan ba a koya masa girki ba."

Na mayar da ita kan bargo na goge mata ƙafa da rigata. Ta sha kunu rabin kofi. A nan ta gaya mini sauran.

"Sabon maganin nan ba zan sha ba. In na ce ba na so, za su tambayi dalili, su gane na sani. Ka ce kai ka ɗauke ni."

"Rahila ba za ta yafe mini ba."

"Kai kana iya ɗauka. Ka ɗauki wuta, ka ɗauki 'yan fashin hanya. Ita ba za ta iya ɗaukar cewa ina kallonta tana yi mini ƙarya ba. Za ta ji kunyata har ta tsufa." Ta gyara bargo. "Ka lura? Duk sanda za ta ce mini da sauƙi, sai ta fara gyara mini filo. Ban taɓa kwana a kan filo mai daɗi irin na watannin nan ba. Ka bar mata abinta."

Mun juyo da la'asar. Rana tana faɗuwa muna kan babbar gada, ruwa ya koma ja gaba ɗaya, amma ba ta gani ba, ta yi barci da dawar a cinya. Muna shiga layi na hango ku a ƙofar gida, Rahila da kayan aiki, Iliya da waya a kunne. Kun kira asibitoci, kun kira 'yan sanda.

"Baba, ina kuka je?"

"Teku."

Rahila ta buɗe ƙofar uwarta, ta taɓa bakin zanen, ta ji danshi da rairayi. Muryarta ta tashi.

"Ka san abin da ka yi? Jininta ba shi da ƙarfi! Ko mura ce ta kama ta tana iya..."

Sai ta tsaya, don uwarta ta buɗe ido.

"Haba Rahila, ki bar ubanki," in ji uwarku. "Gyambo ne fa, ba mutuwa ba."

 Kin juya kin shiga gida.

Kwana uku bayan haka zazzaɓi ya kama ta, ya sauka a ƙirji. Aka kwantar da ita. Ba ta sake samun ƙarfin da za a yi maganar sabon magani ba. Kafin watan ya cika ta tafi, kuna riƙe da hannunta, kuna ce mata da sauƙi, tana ce muku da sauƙi. Bayan an tashi daga zaman makoki Rahila ta same ni a kicin ta ce da na kai ta asibiti ranar nan da tana nan.  Na haɗa jakata, Iliya ya kawo ni Woodbridge.

Ba zan ce muku ruwan nan bai da hannu ba. Mai yiwuwa sanyinsa ne. Mai yiwuwa da ta ga Kirsimeti, ko Ista, a kan gadon asibiti tana amai. Na juya wannan a raina fiye da yadda kuke zato, ban samu amsa ba. Abin da na sani, da za a sake tsayar da ni a danjar nan, dama zan yi.

Duk watan goma nakan koma ni kaɗai. Fadamar tana nan, zalɓen yana nan, ko ɗansa. Gonar dawa wata shekara waken suya suke sawa. Tsohon Baturen ban sake ganinsa ba. Bara ido ya fara yi mini hazo, Iliya ya karɓe makulli, kuma ya yi daidai.

Yau na karya alkawarin da na yi wa uwarku. Zan amsa mata wannan in mun haɗu. Ta ce ba za ki iya ɗauka ba, Rahila, amma ta san ki ne kina da shekara talatin da takwas. Yanzu ke ma kin fara furfura. Uwarki ta sani, kuma ko rana ɗaya ba ta ga laifinki ba.

Hanyar tana kaina har yanzu, kwana-kwana. Ke kina da mota. Ki zo ranar da ba ki da aiki, kafin sanyi ya shigo sosai. Ba sai kin yi mini magana ba. Ki tuƙa kawai, ni zan gaya miki inda za ki juya.